Shawarwari Ga Gidan Da Ke Jinyar Mesa Mai Ƙari

A Dungu da ƙauyukan Matamaye ba a saba kiwon maciji ba, sai dai gardawa masu wasa da shi. Amma lokacin aikin lambu akan ƙwato mesa daga hannun yara, ko a tsinto ta da rauni, wani lokaci da kumburi a jiki.

1. A fara tabbatar da cewa mesa ce. Kububuwa da kasa da gamsheƙa ba abin jinya ba ne a gida, ko da an ce an cire musu haƙori. Ita mesa ba ta da dafi, amma tana cizo, tana naɗe abu ta matse. A nisanta ta da yara da kaji.

2. Ba kowane kumburi ne ciwon daji ba. Yana iya zama ƙwai da ya maƙale, ko abincin da bai narke ba, ko maruru. Mugunyar maciji daskararriya ce kamar cuku, matsa ta ba ya fitar da komai. Sankara kuwa ba a gane ta da ido, sai likitan dabbobi ya ɗebi ɗan nama an duba a na'ura. Babban maganinta tiyata ne, in ba ta bazu ba. Kada a kira wanzami da aska. Wanda ke da hali, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

3. Kada a ba ta farasitamol. Guba ne ga maciji. A tsibirin Guam, Amurkawa miligiram 80 kawai suke sakawa cikin mushen ɓera su kashe macizan da suka addabi tsuntsayen wurin.

4. Ɗumi. Wannan shi ne rabin jinyar, kuma shi aka fi mantawa. Jikin maciji ba ya samar da zafin kansa, in sanyin hunturu ya kama shi abinci ba ya narkewa, rauni ba ya warkewa. A samu akwati mai murfi da ramukan iska, gefe ɗaya ya kai wajen digiri 30, ɗayan ya fi sanyi, ta zaɓi inda take so. Kwalbar ruwan ɗumi a naɗe da tsumma ta isa da dare. Garwashi kuwa ƙona ta zai yi.

5. Abinci ƙarami, kuma matacce. Ɓera mai rai na iya gwaguyar mesar da ba ta da ƙarfi. Ruwan sha kullum.

6. A wanke hannu da sabulu, kashinta na ɗauke da ƙwayar salmonela.

7. A sanar da ma'aikatan gandun daji a Matamaye. Dokar Nijar ta 1998 kan farauta da kare namun daji ba ta bar kowa ya riƙe dabbar dawa yadda ya ga dama ba. Su za su ce a sake ta, ko a kai ta gidan namun daji na Bubu Hama a Yamai. In ta rame har ta kasa juyawa, likita ya yanke mata wahala.