Motar Lantarki: Ina Iyakar Tafiyarta?

Motar lantarki ba baƙuwa ba ce. Wajen 1900 akwai irinta da yawa a titunan Amurka, sai Ford ya fito da motarsa ta fetur mai araha a 1908, ta kashe musu kasuwa. Abin da ya komo da su yanzu shi ne batirin litiyam, irin wanda ke cikin wayar hannu.

Ku ɗauki batirin nan kamar randa. Wutar da ya ke ci ana auna ta da yunit, watau awon nan da mu ke saye a mitar gida. Hyundai Kona, wadda aka harhaɗa a Ikko aka nuna wa jama'a a 2020, randarta na cin yunit 64, masu ƙera ta kuwa sun ce cikawa ɗaya za ta kai ta wajen kilomita 480. Amma gudu da kaya da na'urar sanyaya ɗaki duk suna rage wannan.

To, malamin da ke tafiyar kilomita 30 kowace rana, cikawa ɗaya a mako ta ishe shi har da saura. In cunkoso ya tsai da shi, motar ba ta shan kome sai kaɗan. Ba juyen baƙin mai, ba canjin fulogi. Tun da aka janye tallafin fetur a Mayu 2023, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Wuyar tana wajen cika randar. Soket na ɗaki bai fi ya ba da yunit 3 a awa guda ba, ashe sai an yi awa 21 wuta ba ta ɗauke ba. Wa ya taɓa ganin haka a unguwarsu? Na'urar caji ta musamman da a ke kafawa a bango takan gama cikin awa 9 ko 10. In kuwa janareto za a tayar, an koma gidan jiya.

Daga Ikko zuwa Badun kilomita 130 ne, motar za ta je ta komo ba ta nemi wuta ba. Kano fa, wajen kilomita 1,000? Lalle a tsaya sau biyu ko uku, a kuma sami babbar tashar caji, wadda ke mai da yawancin wutar cikin kamar awa guda. Gwamnati ta kafa tashoshi masu aiki da hasken rana a jami'o'in Sakkwato da Ikko a 2021, amma matafiyi a bakin hanya ya ke bukatarsu, ba kuwa a zuba lantarki a jarka. A Norwe, inda tashoshin suka wadata, kusan tara cikin kowace sabuwar mota goma da aka sayar a 2024 ta lantarki ce.

Masu zuwa gwajin koyarwa, ga lissafi ku ba 'yan aji shida: in unguwa na samun wuta awa 5 a rana, kwana nawa soket zai yi kafin ya cika Kona?