Kafin Ka Loda Iyali Zuwa Kakum: Amsa Ga Wani Magidanci Daga Alajo

Wani magidanci daga Alajo ya aiko mini da tambaya a makon jiya. Yaransa huɗu, babban yana da shekara 13, autar ba ta cika 4 ba, kuma sun hana shi sakat da bidiyon Disney World da suke gani a waya. Ya yi musu alkawarin in an ba da dogon hutu zai kai su yawon buɗe ido. Tun da nan Gana ba mu da irin wancan katafaren wurin wasa na Amurka, sai ya zaɓi dajin Kakum mai gadar sama. Shirinsa shi ne su tashi ranar Asabar da hantsi a ƙaramar motarsa, shi da uwargida da yaran da Hajiya mahaifiyarsa, wadda ta ce ƙafarta ƙafarsu. Su hau gada, su leƙa tsohon gidan bayi na Cape Coast, su taɓa Elmina, yara su ɗan yi wasa a bakin teku, su kwana a Alajo a wannan daren. Abin da yake son sani ɗaya ne: nawa ne kuɗin shiga?

Alhaji, kuɗin ƙofa shi ne mafi ƙanƙantar abin da zai dame ka. Ka buga waya ka tambaya kafin ranar, domin yana sauyawa, ka kuma riƙe Ghana Card ɗinka da na uwargida, saboda farashin ɗan ƙasa daban yake da na baƙo, na yaro daban da na babba. Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne lissafin lokaci da na kujeru. Ka tsara tafiyar ne da ƙarfin jikinka. Tafiyar iyali kuwa da ƙarfin mafi rauni a cikin mota ake auna ta, kuma a motarka su biyu ne: autar da Hajiya.

Mu fara da kujeru. Ku bakwai ne, motar ta mutum biyar ce. Na san yadda muke yi in za mu biki a Nima ko Madina, a ɗora wannan a cinya, a cusa wancan a tsakiya. Waccan tafiyar minti ashirin ce cikin gari. Daga Ankara, wato Accra, zuwa Cape Coast kimanin kilomita 145 ne, sai ka ƙara wasu 30 zuwa Kakum, a kan titin da manyan motocin Takoradi da Abidjan suke bi dare da rana. Yaron da ke kan cinya ba shi da bel, kuma ranar da aka taka birki da ƙarfi hannun uwa ba ya iya riƙe shi, komai ƙaunarta. Dokar hanya ta 2004 ma ta hana a zaunar da yaro ɗan shekara biyar ko ƙasa da haka a kujerar gaba. Mafita biyu gare ka. Ko ku haɗa kai da wani gidan ku ɗauki shatar ƙaramar bas, ko ku je tashar Kaneshie ku shiga motar Cape Coast, in kun sauka ku ɗauki shatar tasi zuwa dajin. In shata ce, a gama magana tun a gida: mai a kan wa yake, abincin direba da makwancinsa a kan wa, ƙarfe nawa za a juyo. Maganar da ba a yi a Alajo ba, a bakin titi ake yin ta da ɗaga murya a gaban yara.

In ka nace sai da motarka, to wani ya haƙura ya zauna a gida, kuma motar ta ga makanike mako guda kafin ranar, ba ana gobe tafiya ba. Birki, tayoyi har da safaya, jak, fitilu, ruwan lagireto, abin share gilashi. Ka duba ranar ƙarewar inshora da takardar lafiyar mota ta DVLA, domin shingen 'yan sanda ba ya ƙarewa a wannan hanya.

Sai lokaci, kuma a nan zan daɗe, don ni ma a nan na taɓa shan kashi. Shekarun baya na ɗebi nawa iyalin da irin shirinka. Muka ce ƙarfe shida, muka tashi tara saura, saboda ana jiran shinkafa ta nuna, ana neman takalmin wani. Daga Lapaz zuwa Mallam muka tafi lafiya, daga nan muka shiga cunkoso. A Kasoa, garin da sunansa ma daga kalmarmu ta kasuwa ya samo asali, mun fi awa guda muna kallon bayan trotro ɗaya, masu tallar ruwan leda da soyayyar ayaba suna zagaye mu. Asabar ce, ranar jana'iza a kudancin Gana, motoci cike da masu baƙi da jan kaya. Muna wuce mararrabar Apam ƙaramin ɗana, wanda tun Weija idonsa ke kan waya, ya amayar da duk abin da ya ci a kan zanen uwarsa. Ba leda, ba kayan canji a kusa, duk suna ƙarƙashin kula a but. Mun isa Kakum rana ta take, layi ya yi tsawo, 'yan makaranta bas-bas. Muka hau gadar a gurguje, Cape Coast ko tsayawa ba mu yi ba, na tuƙo mu cikin duhu ina murza ido. Har yau in an yi zancen tafiyar a gidana, amai ake tunawa, ba daji ba.

Saboda haka ka raba tafiyar kwana biyu, ka kwana ɗaya a Cape Coast ko Elmina. In aljihu bai kai kuɗin masauki ba, a ɗaga tafiyar a shiga adashi, ko a zaɓi wuri na kusa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ku loda kaya da dare, ku yi sallar asuba, ku kama hanya, don ku wuce Kasoa da Buduburam kafin gari ya farka. In da hali, ka zaɓi tsakiyar mako. Ka guji ranakun Ista da Kirsimeti da 6 ga Maris, ka kuma lura da makon farko na Satumba, lokacin bikin Fetu Afahye na mutanen Cape Coast, domin ɗakin kwana yakan yi wuya. Watan Yuni ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, mu mutanen bakin Odaw ba sai an gaya mana ba. Agusta ya fi sauƙi, akwai sanyi-sanyi kuma ruwan yakan ɗan tsagaita. A dawowa, ka bar Cape Coast da azahar. Yammacin Lahadi duk wanda ya fita Ankara ta wannan ɓangare yana komowa ta wannan ƙofa ɗaya, kuma bayan magariba babbar mota da ta mutu a kan titi ba fitila ba alama ita ce abin tsoro.

Yanzu ga abin da za ku tarar. Kakum daji ne, ba filin lilo ba, kuma ya kamata yara su ji haka daga bakinka tun a gida, kada su isa suna neman jirgin wasa. An buɗe gadar a 1995. Gadoji bakwai ne a jere, tsawonsu gaba ɗaya wajen mita 350, an ɗaure su daga bishiya zuwa bishiya, a wasu wuraren tsakaninka da ƙasa ya kusa mita 40. Abin takawa katako ne siriri, faɗinsa bai wuce na mutum ɗaya ba, raga ta tare ka dama da hagu, kuma duk takun wanda ke gabanka sai ka ji shi a gwiwarka. Akwai giwaye da birai a dajin, amma kada ka yi wa yara alkawarin ganinsu, hayaniyar mutane takan kore su can ciki. Abin da za su gani shi ne kan bishiyoyi daga sama, da tsuntsaye, da malam-buɗe-littafi iri-iri, musamman da sassafe.

Kafin a kai ga gadar ma akwai hawan tudu mai matakala na kusan kwata ɗin awa, cikin zafi mai danshi. Nan ne nake so ka yi tunanin Hajiya. In tana fama da gwiwa ko hawan jini, ta zauna a inuwa wajen karɓar baƙi tare da autar, babu abin kunya a ciki. Kada uwargida ta hau da goyo, hannu biyu ake buƙata a kan igiya. Takalmi mai rufi, ba silifa ba. Doguwar abaya mai jan ƙasa da mayafi mai kwararowa a ɗaure su da kyau. Yaron da ya tsaya a bakin gada ya ce yana tsoro, kada a yi masa dariya, kada a tura shi. Na ga ƙaton saurayi ya durƙusa a tsakiyar gada ta biyu, na kuma ga yarinya 'yar shekara bakwai ta ƙetare duka tana waƙa.

Gidan bayi na Cape Coast ku bar shi sai washegari da safe, kuma ɗaya ya isa, ko shi ko na Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482. Kurkukun ƙasa duhu ne da zafi, labarin da ake bayarwa kuma mai nauyi ne. Babban ɗanka ya kamata ya shiga ya ji, har ya ga ƙofar da in an fita ba a dawowa. Da yawa daga waɗanda aka tsare a wurin daga arewa aka gangaro da su, ta Salaga, kasuwar da kakanninmu fatake suka sani sarai. Ƙananan kuwa su tsaya a sama wajen igwa su kalli jiragen masunta.

Teku ido kawai. Igiyar ruwa a wannan gaɓa tana da ja, kuma yawancin wuraren babu mai ceto. Su jiƙa ƙafa hannunsu cikin naka, in za su yi iyo a kai su kwamin masauki, babba ɗaya yana tsaye a kansu ba waya a hannu.

Abinci shi ne inda kuɗi ke zurarewa ba a sani ba, shi ne kuma inda mu Musulmi muke da ƙarin lura. Gidajen abincin bakin hanya da yawa suna dafa naman daji, wasu da alade, a kicin ɗaya. Ku yi guzuri: waakye ko jalof a kula don ranar farko, soyayyen nama, dafaffen ƙwai, burodi, shito, da ruwa fiye da yadda kake zato. A Yamoransa ku sayi dokunun Fante mai ganyen ayaba, ku haɗa da soyayyen kifi, an gama abincin dare. In kuna son tuwo ko tsire na yankan da kuka amince da shi, ku nemi zangon Cape Coast wajen kasuwar Kotokuraba. Da safen tafiya kada a cika wa yara ciki da maiƙo, koko da ɗan ƙosai ya wadatar. Mai yawan amai a zaunar da shi inda zai riƙa hangen gaba, a karɓe wayar, a ɗan sauke gilashi. Jaka ƙarama ta zauna a ƙafar uwargida da leda, tsumma, kayan canji ɗaya, farasitamol na yara, gishirin ORS, maganin shafawa na sauro, katunan NHIS, da magungunan Hajiya. Buta da darduma a saman kaya. Nisan ya wuce mil 48 da malaman Malikiyya suka ƙayyade, don haka kuna da sauƙin ƙasaru, ka tambayi limaminku yadda ake haɗa azahar da la'asar kafin ku tashi.

Kuɗi kuwa ka kasa shi kashi huɗu a takarda: mota, masauki, ci da ƙofa, sai na huɗu wanda ba a taɓawa sai taya ta fashe ko yaro ya yi zazzaɓi. Rabi a MoMo, rabi a hannu da canji ƙanana, domin sabis yakan ɗauke a hanyar daji. Ka ba kowane yaro 'yan sidinsa na tsaraba tun a gida, ka ce in sun ƙare sun ƙare. Wannan dabara ta fi tsawa aiki. Ka rubuta lambar wayarka a takarda ka sa a aljihun kowane ƙarami, ka ɗauke su hoto da safe da kayan da ke jikinsu, ku kuma tsayar da wurin haɗuwa da zarar kun shiga kowane wuri. Lambar gaggawa 112 ce.

In ka karanta duk wannan ka ga abin da yaranka ke so a zahiri shi ne lilo da sulu da igiya, to ba sai ka wuce Kasoa ba. Lambun Legon yana nan kusa da ku, a da yana da filin wasan yara, da kwalekwale, da tasa ƙaramar gadar sama. Ka fara tambaya ko har yanzu suna aiki, in suna yi ku je da safe ku yi la'asar a gida. In ruwa suke so, akwai wuraren shaƙatawa irin su Aqua Safari a Ada, inda Volta ke shiga teku. Can ma sharaɗina biyu ne: ba mai shiga jirgin ruwa sai da rigar ceto daidai jikinsa, kuma ba wanka a cikin kogin, saboda cutar tsargiya.

Shawarata gare ka, Alhaji: bana, in wurin yana aiki, ka kai su Legon da motarka a tafiya biyu ko ka ƙara da tasi, ka ga wanda ke tsoron tsawo da wanda mota ke juya wa ciki. Ka fara adashi daga wannan wata, baɗi cikin Agusta ku ɗauki bas ku yi Kakum kwana biyu, lokacin autar ta ƙara wayo. A gaida Hajiya, a ce mata kujerar bayan direba tata ce.