Ƙurar da Ke Haske Kusa da Kaza da 'Ya'yanta

Karatu: Ayuba 38:31, Amos 5:8

Ya ɗan'uwa, in kana unguwar Zongo a Wagadugu, ka fita tsakar gida da dare a watan Disamba, ka ɗaga kai. Za ka ga tarin taurarin nan, Kaza da 'Ya'yanta. Haskensu yakan yi shekara kusan 440 kafin ya iso idonka.

A shekarar 1859 Wilhelm Tempel ya hango wani shuɗin hazo kewaye da ɗayansu. A 1912 Vesto Slipher ya tabbatar cewa ƙura ce, ba ta da hasken kanta. Hasken taurarin take mayarwa. Ƙwayoyinta ƙanana sun fi warwatsa shuɗin haske fiye da ja, shi ya sa take shuɗiya.

Kai ma daga ƙura aka yi ka. Kada ka ce, "Ni wane ne da zan haskaka wani?" Kusancinta da tauraro ne ya sa ƙurar nan take haske. Yau ka matso kusa da Yesu, maƙwabcinka zai ga haskensa a halinka.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka riƙe ni kusa da kai. Amin.