Darasi na Bakwai: Talla da Hulɗa da Jama'a a Kafafen Sada Zumunta

Ɗalibai, ku lura da yadda ciniki ya sauya a Gombe. A da, mai talla kan ɗauki kaya a kai, ya bi unguwa-unguwa yana kiran masu saye. Daga shekarar 2001 wayar salula ta fara bazuwa a Nijeriya. An kafa Facebook a 2004, WhatsApp kuma a 2009. Yanzu waya ta zama rumfar kasuwa.

Ku ɗauki misalin tela a unguwar Arawa. Idan Sallah ta gabato, yakan sa hoton ɗinkinsa a WhatsApp tare da farashi. Wannan shi ne talla: sanar da mutane haja domin su saya.

To, a ce ya makara da ɗinkin wani, mai kaya ya rubuta kokensa a Facebook, kowa ya gani. Idan telan ya mayar da baƙar magana, masu ciniki za su guje shi. Idan kuwa ya ba da haƙuri a fili, ya sa rana, ya kuma cika, ya kare mutuncinsa. Wannan ita ce hulɗa da jama'a.

Talla yakan jawo mai saye, amma amana ce take dawo da shi. Hausawa sun ce, kyan alkawari cikawa.

Ma'anar Kalmomi
haja: kayan sayarwa
koke: kuka kan rashin jin daɗi

Tambayoyi
1. Mene ne bambancin talla da hulɗa da jama'a?
2. Rubuta amsar da ta dace telan ya ba mai kaya.