Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ƙagaggen Labarin Tarihi Domin Matasa

1.0 Gabatarwa

Ƙagaggen labarin tarihi shi ne labarin da marubuci ya ƙirƙiro daga tunaninsa, amma ya ɗora shi a kan wani zamani da ya shuɗe, da garuruwan da aka sani, da al'amuran da suka auku a zahiri. Taurarinsa na iya zama na ƙirƙira, amma duniyar da suke rayuwa a cikinta ta tarihi ce. Idan aka rubuta shi domin matasa, galibi tauraron yaro ne ko saurayi, domin mai karatu ya ga abin da ya wuce ta idon tsaransa. Wannan darasi zai dubi Abubakar Tafawa Ɓalewa a matsayin marubucin irin wannan labari, da littafinsa Shaihu Umar, da kuma nauyin da ke kan malamin da zai koyar da shi.

2.0 Marubucin

An haifi Abubakar Tafawa Ɓalewa a ƙasar Bauchi a shekarar 1912. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, sannan ya koma Bauchi ya kama aikin koyarwa a makarantar Midil. Daga baya ya shiga siyasa, ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957, ya kuma riƙe wannan muƙami har zuwa juyin mulkin Janairun 1966, wanda a cikinsa aka kashe shi.

Abin lura shi ne, ba Firayim Minista ne ya rubuta Shaihu Umar ba. Sabon malamin makaranta ne, ɗan kimanin shekara 21. A 1933 hukumar da ke kula da talifi a Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, saboda waɗanda suka koyi karatu a makarantu ba su da abin karantawa sai littattafan darasi. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East, da kuma Shaihu Umar. Ke nan masu karatun farko 'yan makaranta ne da waɗanda ba su daɗe da gama ta ba.

3.0 Labarin a Taƙaice

Labarin ya buɗe da Shaihu Umar, babban malami a Rauta ta ƙasar Bauchi, yana ba almajiransa tarihin rayuwarsa bayan sun tambaye shi asalinsa. Shi mutumin Kagara ne. Ya tashi maraya, mahaifiyarsa ta auri wani bafade mai suna Makau. Bayan wani harin kamun bayi, fadawa suka yi wa Makau makirci, aka kore shi daga gari. Mahaifiyar ta tafi Fatika ganin iyayenta, kafin ta dawo an sace yaron. Ƙaddara ta kai shi Kano, inda wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi kamar ɗansa, ya tafi da shi Ber Kufa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Ita kuwa uwar ta fita nemansa, aka mayar da ita baiwa, aka ƙetare Sahara da ita. Sun sadu bayan shekaru masu yawa, amma ba ta daɗe ba ta rasu.

4.0 Tarihi da Ƙirƙira

Umar da mahaifiyarsa da Makau taurarin labari ne, ba mutanen da tarihi ya rubuta ba. Amma hare-haren kamun bayi a ƙarni na 19 gaskiya ne, haka kuma ayarin fatake da ke tashi daga Kano su bi ta hamada zuwa Murzuk da Tarabulus. An kuma ambaci Rabeh, wanda ya ci Borno a 1893 aka kashe shi a 1900. Wannan ambato shi ne tirken da ke nuna wa mai karatu zamanin da labarin ya faru.

Akwai hikima uku da marubucin ya yi amfani da su. Ta farko, ya sa labarin a bakin malami yana zaune da almajiransa, wato yanayin da kowane ɗan Hausa ya saba da shi. Ta biyu, bai ba da tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙensu ba, sai ya nuna abin da bauta ta yi wa gida ɗaya. Ɗalibi na iya manta shekarar da aka yi yaƙi, amma da wuya ya manta uwar da ta rasa 'yancinta wajen neman ɗanta. Ta uku, bai cika littafin da abubuwan al'ajabi ba. A Ganɗoki, bayan yaƙi da Turawa sai labari ya shiga duniyar aljannu. Shaihu Umar kuwa ya fi tsayawa a kan abin da hankali zai ɗauka.

5.0 Batun Bauta a Cikin Aji

A lokacin da aka rubuta littafin, bauta ba tsohon labari ba ce. Sanarwar Lugard ta 1901 ta hana kamun bayi, ta kuma 'yanta yaran da aka haifa daga wannan shekara, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai 1936. Masu karatun farko sun san bayi da iyayengijinsu a unguwanninsu.

Manazarta sun sha bamban a kan matsayin marubucin. Wasu na ganin ya fallasa muguntar bauta ta hanyar wahalar uwar Umar. Wasu kuma na cewa ya sassauta, tun da Umar ya faɗa hannun mutumin kirki, labarin kuma ya fi ƙarfafa haƙuri da yarda da ƙaddara. Bai kamata malami ya yanke wa ɗalibai hukunci ba. Ya sa su kwatanta makomar ɗan da ta uwar, su fito da hujja daga littafin. Ya kuma kula ƙwarai, domin har yau kalmar bawa na iya zama gori. Idan darasi ya koma tonon asalin wani ɗalibi ko wata ƙabila, to an yi asarar manufarsa.

6.0 Dabarun Koyarwa

(a) Malami ya zana taswira, ɗalibai su bi tafiyar Umar da ta mahaifiyarsa.
(b) A raba allo biyu, a jera abubuwan tarihi a gefe ɗaya, na ƙirƙira a ɗaya gefen.
(c) A yi amfani da wasan kwaikwayon da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka fitar daga littafin, ko fim ɗin Adamu Halilu na 1976, a kwatanta su da asalin labarin.

7.0 Kammalawa

Shaihu Umar ba littafin tarihi ba ne, kuma ba tatsuniya ba ce. Ɗalibin da ya ɗauki komai na cikinsa gaskiya ya ɓata, wanda ya ɗauki komai ƙirƙira shi ma ya ɓata. Aikin malami shi ne ya koya masa rarrabewa.

Tambayoyi

1. Me ake nufi da ƙagaggen labarin tarihi?
2. Kawo abubuwa uku na tarihi da uku na ƙirƙira daga Shaihu Umar.
3. Yaya malami zai gabatar da batun bauta ba tare da ya muzanta wani ɗalibi ba?