Kada Ka Bar Dodon Hotonka a Shagon Wanki

Sana'ata wankin hoto. A Tireshbil na koye ta, a Ajame nake cin abinci da ita, duk a Abijan. Abin da ya sa nake wannan rubutu wata ɗabi'a ce da ta yi yawa a bakin kanta: mutum ya kawo fim, a wanke, a tura masa hotunan ta waya, ya yi godiya ya juya. In ka ce, "Malam, ga dodon hotonka," sai ya ce, "Me zan yi da shi? Ku zubar." Samarin da suka dawo wa kyamarar fim a 'yan shekarun nan su suka fi yin haka, amma dattawa ma na yi.

Dodon hoto, wannan siririyar leda mai ruwan ƙasa wadda fari ke komawa baƙi a jikinta, shi ne asalin hoton. Hasken da ya tashi daga fuskar mahaifinka ranar da aka ɗauke shi, a nan ya sauka. Katin da ke cikin alban da wanda ke cikin waya duk daga nan aka ciro su. Girman kowane gida a fim ɗin da muka saba da shi milimita 24 ne a 36, amma abin da ke ciki ya fi ƙarfin abin da WhatsApp ke kawo maka, domin WhatsApp matse hoto yake yi ya rage masa nauyi. Kati abinci ne, dodo kuwa iri, kuma ba manomin da ke zubar da iri don ya ƙoshi yau.

A zamanin baƙi da fari ba a wannan asara sosai, saboda mai ɗaukar hoto shi ke wankewa a ɗakin duhunsa, shi ke ajiyewa da lamba da kwanan wata. Ajiyar da Malick Sidibé ya yi a shagonsa na Bamako ita ta sa duniya ta ga aikinsa, har aka ba shi babbar lambar yabo a Benis ta ƙasar Italiya a 2007. Cornelius Augustt Azaglo ma haka ya ajiye nasa a Korhogo. Daga shekarun 1980 lamarin ya sauya a Kodebuwa. Injinan wankin hoto mai kala suka shigo, da yawansu a hannun 'yan Koriya, masu yawo da kyamara suka cika gidajen biki da suna da filin Idi. Su ɗauka, su ruga labo, wato shagon wanki, su sayar da kati, shi ke nan. Dodo ya zama ba na kowa ba. Mutanenmu na Tawa da Maraɗi da Sakkwato da Kano, masu fataucin goro, da masu shanu a Port-Bouët, da masu sayar da abincin garba, kowa ya ɗinka sabuwar riga sai ya yi hoto ya aika gida a ga yana lafiya. Yau yawancin katunan nan sun koɗe sun yi ja, kuma babu inda za a koma a sake ciro su. Wannan yana ci mini rai, don tarihin zamanmu a garin nan ne ya tafi a kwandon shara.

Ajiyar ma in ba a iya ba, Abijan ba ta yafewa. Paul Kodjo, wanda ya ɗauki rayuwar birnin nan a shekarun 1970 kuma ya yi wa mujallar Ivoire Dimanche labaran hoto, ya tara dodo dubbai. Lokacin da ya danƙa su ga mai ɗaukar hoto Ananias Léki Dago a 2008, laima ta riga ta cinye da yawa. Abin da aka ceto shi aka gyara har aka nuna a Faris kafin rasuwarsa a 2021. Ƙwararre ke nan, ina ga wanda ya cusa nasa a ƙarƙashin katifa?

To, ga mai shirin kai fim wanki. Shagunan sun ragu ƙwarai tun da hoton waya ya kama. AgfaPhoto ya durƙushe a 2005, Kodak ya nemi kariyar kotu saboda bashi a 2012. Shago da yawa da ka gani da allon "Labo Photo" buga hoton waya da na fasfo kawai suke yi. Don haka tambayar farko ita ce: a nan kuke wankewa ko aikawa kuke yi? Ta biyu: za ku dawo mini da dodona? Kada ka ɗauka dole ne. A Amurka manyan kantuna irin su Walmart da Walgreens da CVS aikawa suke yi wani wuri, su ba ka kati da faifai, dodon kuwa ba ya dawowa. Ba na fatan wannan ya zama al'ada a nan. In shago ya ce ba ya mayarwa, ɗauki fim ɗinka ka yi gaba.

Sai maganar magani. Fim mai kala, irin su Kodak Gold, ana wanke shi da tsarin C-41, wanda Kodak ya fito da shi a 1972. Maganin farko sai ya tsaya a zafin digiri 37.8, fim ya yi minti 3 da daƙiƙa 15 a ciki. Kuma maganin nan aiki ke raya shi: in inji ya yi kwanaki bai ga fim ba, iska ta kashe masa ƙarfi, sai hoto ya fito fari-fari ko kore-kore. Wanki sau ɗaya ake yi, ba a maimaitawa. Saboda haka shagon da ya ce ka jira ranar da suke tara fim su wanke, kada ka ga ƙyuyarsa, shi ne mai tausayinka. Ka nemi ganin dodon da suka wanke kwanan nan, ka ɗaga shi a haske, ka duba ko akwai dogon karce daga farko har ƙarshe. In akwai, injin na da datti. In kuma fim ɗinka baƙi da fari ne, kamar Ilford HP5, ka faɗa da bakinka tun a kanta. In aka jefa shi injin kala, maganin zai kwashe azurfar da hoton ke kanta, a miƙo maka leda wayam.

Wata hajiya ta kawo mini kyamarar mijinta da ya rasu, da fim a ciki. Na ce, "Hajiya, an buɗe bayanta?" Ta ce, "Yaro ya buɗe don ya ga ko da hoto." Na ce, "Ki yi haƙuri, wanda haske ya taɓa ya tafi, amma mu gwada sauran." Waɗanda ke naɗe can ciki suka fito, har da na ranar da ya dawo daga Makka. Duk wanda ya tsinci irin wannan kyamara cikin kayan gado, kada ya buɗe. Ya kawo ta yadda take.

Ajiya ba tsada gare ta ba. Saman dodo an shafe shi da wani abu mai danƙo da ake samu daga ƙashi da fatar dabba, kuma fumfuna na cin sa. Laimar Abijan kan wuce kashi 80 cikin 100 a galibin shekara, ga ruwan Yuni da ke shiga ɗakuna. Kada ka ajiye a ƙasa, ko jikin bangon da ke tsatsafa, ko saman sili inda kwano ke gasawa. Sa kowane yanki a takarda mai tsabta, ka rubuta suna da shekara da fensir, ka zuba a kwano mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi, ka riƙa sauya su. Riƙe dodo ta gefe, don shatin yatsa ba ya fita da sauƙi. Wanda ka ji yana warin tsami ya fara ruɓewa, ka ware shi kada ya shafi sauran. Wanda ya yi fumfuna kada ka sa masa ruwa, hoton zai bi ruwan. Kai shi a kwafe shi a kwamfuta tukuna. Kuma in an kwafe, ka karɓi cikakken kwafin a filashi, ka aika wani kwafin gida.

'Yan'uwana masu labo, daga Tireshbil har Ajame, mu daina tambayar mai kaya ko yana so. Mu yanka, mu sa a takarda, mu saka masa a ambulan, mu gaya masa abin da ya riƙe. Ku kuma jama'a, kafin damina ta kankama ku buɗe adakar iyayenku ku duba. Abin da kuka samu ku kawo a kwafe tun yana da sauran rai.