Zaga Gidanka Ka Gano Inda Cuta Ke Ɓuya

Ya kai mai gida, ka sani da yawa daga cikin cututtukan da ke kama iyalinka a cikin gida suke samun mafari. Ƙofarsu biyu ce: ruwan sha, da ƙasar da yaro ke rarrafe a kai yana kai hannu baki. Saboda haka ka zaga gidanka, kai da uwargida, ku duba wurare biyar ɗin nan. Ya fi kyau ku yi zagayen bayan an ɗauke ruwan sama, don a sa'an nan ne za ku ga inda ruwa ke bi.

1. Masai da rijiya. Ƙazantar masai tana tsatsafowa ta ƙarƙashin ƙasa, ta shiga rijiya ba wanda ya gani. Daga nan kwalara da zazzaɓin taifot ke fitowa. Ka auna tsakaninsu. Kada ya kasa mita 30, wato kamar taku 40 na babban mutum. Ka auna har da masan maƙwabcinka, gama katanga ba ta tare abin da ke tafiya ƙarƙashin ƙasa. Masai ya kasance a gangare, rijiya a tudu. A ɗaure bakin rijiya da siminti, a yi mata murfi, a rataye guga, kada a bar ta a ƙasa.

2. Turken dabbobi da juji. Tsaya ka ga inda ruwan da ya wanke kashin awaki da na kaji ya nufa. In ya nufi rijiya ko madafi, ka sāke wa turken wuri. A riƙa kwashe taki ana kaiwa gona.

3. Kwata da ruwan kwance. Ruwan wanka da ya taru a bayan gida, da fasasshen tulu, da tsohuwar taya, duk nan sauro ke haihuwa. Kwana 10 sun ishi ƙwansa ya zama sauro. Ka cike rami, ka kife tulu, ka buɗe wa kwata hanya.

4. Maganin feshi da tsohon batir. Galan ɗin da aka zuba maganin ƙwari ko na ciyawa ba ya wankuwa, ko an cuɗa shi da sabulu. Kada a zuba ruwa ko manja a ciki. Ka huda shi don kada wani ya ɗauka. Kada a wanke injin feshi kusa da rijiya. Batirin mota da na sola akwai dalma a cikinsu. Kada a fasa su a gida.

5. Dutsen zinariya. Wannan ya fi sauran haɗari. A shekarar 2010 yara fiye da 400 suka mutu a jihar Zamfara, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Dalili kuwa, maza sun riƙa kawo dutse daga ramin haƙar zinariya, ana dakawa ana niƙawa a tsakar gida. Dutsen yana da dalma. Ƙurarsa ta bi ƙasa da ƙwarya da turmi, yara suka haɗiya. Sai da aka kankare ƙasar gidajen, aka zuba sabuwa. A 2015 haka ta sāke faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Dalma ba ta da wari, kuma ba ta ruɓewa. Tafasa ruwa ba ya kawar da ita. Yaron da bai kai shekara 5 ba shi ta fi yi wa lahani: amai, ciwon ciki, jijjiga, da dakushewar ƙwaƙwalwa. Kada dutsen ma'adini ya shigo gidanka. Mai aikin haƙa ya yi wanka, ya sāke tufafi, kafin ya dawo gida.

To, in ka gama zagayen, abin da za ka iya gyarawa ka gyara yau. Abin da ya fi ƙarfinka ka gaya wa mai unguwa da duba-gari. In yaro ya kama amai da gudawa, ko jijjiga, a kai shi asibiti nan da nan, a kuma gaya wa ma'aikacin lafiya irin aikin da ake yi a gidan. Ka maimaita zagayen nan a farkon kowace damina.